Hajijiyar Inna: wata uku ana ƙarin ruwa, ɗaki bai bar juyawa ba

Maman Hibba, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nika biɗa, don Allah wanda duk yas san wani abu shi taimaka muna. Innarmu ta, shekarunta 64. Wata uku ke nan tana hwama da hajijiya. In ta juya bisa gado, balle ɓarin dama, sai ta ce ɗaki na yawo da ita, ta ƙanƙame gado tana salati. Haka in ta kai goshi ƙasa wurin sujada, ko ta ɗaga kai za ta shanya kaya ga igiya. Ba shi daɗewa, kahin ka ƙidaya talatin ya lahwa, sai dai shi bar ta da tashin zuciya da tsoro. Mun kai ta wani asibitin kuɗi anka ce taifot da maleriya, anka sa mata ruwa leda uku. Da munka koma anka ce ƙila jininta ya yi ƙasa. Yanzu wata biyu maganin jiri, Stugeron, taka sha sahe da dare, ba ta da aiki sai kwana. Abin da yah hi tada min hankali, ta bar kwanciya sam, zaune taka kwana jingine ga bango. Matar da ba ta rasa suna ko gaisuwa da ƙahwatta, yau ko bayi sai an riƙa ta.

Ɗan Wurno:
Allah shi ba ta lahiya. Rashin jini na wanga, ga kuma zahin garin ga. A dinga yi mata kwaɗon zogale da hanta, da dabino cikin madara. Tsohuwata ta yi irinai bara, da anka gyara mata ci sai ya wuce.

Hajiya ta Kanwuri:
Ɗiyata, ciwon da ba shi tashi sai mutum ya kai goshi ƙasa gaban Ubangijinai, a dube shi da kyau. Ba komi na na asibiti ba. A samu malami na kirki shi yi mata ruƙiya, a kuma kira wanzami shi sa mata ƙaho ga ƙeya.

Injiniya Gwiwa:
Ni dai shawarata kada a tsaya kewaye-kewaye. A yi mata hoton CT na kai a ga abin da ke ciki. Ko nawa ne a haɗa, uwa ce.

Sistar Arkilla:
Sannu Maman Hibba, ya mai jiki? Kafin a kai ga hoto, bari in tambaye ki. Mu Hausawa kalma ɗaya muke ɗora wa abubuwa da yawa. Wani zai ce jiri, yana nufin idan ya miƙe tsaye idonsa na rufewa, duhu-duhu, kamar zai suma. Wani yana nufin ƙafarsa ce ba ta da tabbas, yana tangaɗi. Wani kuma duniyar ce yake gani tana juyawa kamar ya sauko daga lilo. Wanne ne na Inna? Idan ta tashi daga zaune zuwa tsaye ba tare da ta sunkuya ba, yana zuwa? Jinta ya ragu, ko kunnen yana mata ƙugi? An gwada yawan jininta kuwa, ko da baki kawai aka ce ya yi ƙasa? Sannan an taɓa auna hawan jininta a kwance, aka tayar da ita tsaye aka sake aunawa?

Maman Hibba, Mabera:
Da sauƙi Sista, na gode. Na tambaye ta yanzun nan, ta ce juyawa ta sosai, har silin taka gani yana tahiya. In ta miƙe tsaye a hankali ba ta jin komi. Ƙugi babu. Jini an gwada, 36 anka rubuta. Hawan jini kuwa zaune kaɗai aka auna mata, kullum suna cewa lahiya lau.

Sistar Arkilla:
To 36 ga mace mai shekarunta ba rashin jinin da zai juya ɗaki ba ne. Ɗan Wurno, zogale abinci ne mai kyau, amma jirin rashin jini ba ya zaɓar ɓarin da mutum ya juya a gado. Bari in taɓo Dakta, fanninsa ne.

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Wa alaikumus salam. Na karanta tun daga sama. Maman Hibba, ba zan yanke hukunci a kan mara lafiyar da ban gani ba, amma labarin da kika bayar ya fi mini amfani a kan duk takardun gwajin da ke hannunku. Idan aka kawo mana mai jiri, abin da muke fara bi shi ne lokaci: me ke tayar da shi, kuma ya kan kai yaushe kafin ya sake shi. Na daƙiƙu daban, na sa'o'i daban, wanda ya kama mutum kwana da kwanaki ba sassauci shi ma daban.

Can bayan dodon kunne, cikin ƙashi, akwai wuri biyu. Ɗaya mai siffar katantanwa, shi ke ji. Ɗayan ba ruwansa da ji, aikinsa gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. A nan akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar rabin awarwaro, cike da ruwa, sai 'yan jakunkuna biyu da ke ɗauke da wasu tsakuwoyi ƙanana ƙwarai, dangin alli, waɗanda ido ba ya gani. Da shekaru, ko bayan buguwa a kai, ko doguwar jinya a kwance, wasu tsakuwoyin kan ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya. Ki ɗauki gora da ruwa da ɗan yashi a ciki, ki karkata ta ki tsaya. Hannunki ya tsaya amma yashin yana ci gaba da gangarawa yana tura ruwa. Haka ke faruwa. Kai ya tsaya, kunne ɗaya yana ce wa ƙwaƙwalwa ana juyawa, ido da ɗaya kunnen suna cewa a'a. Da yashin ya kwanta sai abin ya lafa, shi ya sa ba ya kai minti ɗaya. A kati muna rubuta masa BPPV, kuma shi ne ya fi kowane ciwon kunnen ciki kawo hajijiya.

Hajiya, ranki ya daɗe, dalilin da ya sa yake zuwa a ruku'u da sujada ke nan. Su ne lokutan da dattijuwa ke kifa kanta ƙasa sosai ta kuma ɗago.

Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Wasu likitoci biyu a Landan, Diks da Holpaik, suka bayyana shi a 1952, har yau da sunansu ake kiransa. Mara lafiya ya zauna a gadon dubawa, a juya kansa rabin hanya zuwa kafaɗa ɗaya, wato digiri 45, a kwantar da shi da ɗan sauri rigingine, kan ya ɗan rataya a bakin gado cikin hannun likita. Sai a zuba wa ƙwayar idonsa ido. Idan kunnen da ke ƙasa ne mai matsalar, bayan 'yan daƙiƙu hajijiyar za ta taso, ƙwayar ido ta kama fizga sama tana murɗawa, sannan ta tsaya da kanta. Wannan rawar idon ita ce shaidarmu. Ita ke faɗa mana wane kunne ne, wane bututu ne. Idan bututun kwance muke zargi, sai a kwantar da mutum a juya kansa dama da hagu.

Injiniya Gwiwa:
Dakta da girmamawa, amma a 2020 da wani abu a ce gwajin 1952 za a dogara da shi? Hannu da ido za su fi na'urar miliyoyin naira gani? In akwai ƙari a ƙwaƙwalwa fa?

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Tambaya ce mai kyau Injiniya. Tsakuwoyin nan ba sa fitowa a CT, ba sa fitowa a MRI, ɗayan hoton da ake ɗauka na ƙwaƙwalwa. Za a biya kuɗi, a ba ku takarda an rubuta komai lafiya, Inna ta koma gida ta ci gaba da barci a zaune. Hoto yana da ranarsa, kuma gwajin hannun ne ke nuna mana ranar. Idan na kwantar da mutum na ga idonsa na fizga ƙasa, ko fizgar ta ƙi tsayawa, ko jinsa na raguwa a kunne ɗaya kawai, ni da kaina zan rubuta masa MRI.

Abu Fauzan, Runjin Sambo:
Ina bin maganar nan jikina a sanyaye. Ni dai roƙona kada wani ya karanta ya ɗauka duk hajijiya ta kunne ce. Shekara biyu da suka wuce Babanmu ya tashi da asuba ya ce gida na juyawa. Yana da hawan jini da suga. Amai ya dinga yi, ko zama a bakin gado ba ya iyawa sai ya zube gefe. Muka kai shi wani wuri aka ce maleriya ce ta taɓa olsa, aka sa ruwa. Kwana biyu muna nan. Sai a rana ta uku da maganarsa ta fara sarƙewa, ruwa yana shaƙe shi, aka tura mu gaba. CT na farko ma cewa aka yi ba a ga komai ba. MRI ne ya nuna jini ya toshe a bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Alhamdu lillahi yana raye, amma da sanda yake tafiya, kuma har yau idan na tuna kwana biyun nan da muka zauna muna kallon leda na ɗiga, raina ɓaci yake yi.

Maman Hibba, Mabera:
Innalillahi. Allah shi ƙara ma Baba lahiya. Dakta yanzu kam tsoro ya kama ni.

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Allah ya ƙara masa sauƙi, Abu Fauzan, kuma na gode da ka faɗa, domin wannan shi ne abin da ke hana mu barci. Maman Hibba, ki lura da bambancin. Na Inna yana zuwa ya tafi cikin daƙiƙu, a tsakani tana iya tafiya, wata uku bai canja kama ba. Na Baba ya zo ya zauna, ko bai motsa ba yana nan, kuma ya kasa zama da kansa.

Hajijiyar da ta zauna kwanaki tana da manyan dalilai biyu: kumburin jijiyar da ta taso daga kunnen ciki, wanda yake warkewa, ko toshewar jini a bayan ƙwaƙwalwa. A ranar farko kamarsu ɗaya. CT kuwa ba ya ganin bayan ƙwaƙwalwa da kyau, musamman da wuri. Abin da muke yi a bakin gado abu uku ne, ana kiransu HINTS a dunƙule. Na ɗaya, mara lafiya ya kafa idonsa a hancina, in riƙe kansa in ɗan fizga shi gefe. Idan jijiyar kunne ce ta kumbura, idon zai bi kan ya tafi, sannan ya yi tsalle ya dawo hancina. Abin mamaki, wannan tsallen shi ke kwantar mana da hankali. Idan mutum yana cikin hajijiya mai tsanani amma idonsa bai kauce ba, to kunnen lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. Na biyu, rawar ido: ta kunne gefe ɗaya take bugawa duk inda ya duba, ta ƙwaƙwalwa kan sauya, ya dubi dama ta buga dama, ya dubi hagu ta buga hagu. Na uku, a rufe ido ɗaya a buɗe, a koma ɗayan, a ga ko wani yana hawa ko sauka.

A wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 kan mutum 101 masu irin wannan hajijiya, gwajin nan a hannun ƙwararru ya kama masu toshewar jini, alhali MRI na farko, cikin sa'o'i 48, ya kuskure kashi 12 cikin 100 nasu. Sai dai a hannun ƙwararru na ce. Ba abin gwadawa a gida ba ne, kuma ba a yin sa ga irin na Inna mai zuwa ya tafi.

Abin da nake so kowa a nan ya riƙe: hajijiya tare da sarƙewar magana, ko ganin abu biyu-biyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko shaƙewa wurin haɗiya, ko sabon ciwon kai mai tsanani, ko kasa tsayuwa sam, ko toshewar kunne ɗaya farat ɗaya, a nufi babban asibiti a sa'ar nan, ko da tsakar dare ne. Balle mai hawan jini ko suga.

Mai Kyamis, Tudun Wada:
Dakta mun ƙaru. Amma ina so in kare Stugeron kaɗan, don na ga kamar za a ɗora masa laifi. Shekara goma sha ina wannan sana'a, mutane nawa suka zo suna layi kamar sun sha wani abu, na ba su shi ko Stemetil, gobe su dawo suna godiya. Talaka da ya fito daga ƙauye da kuɗin mota kawai, in ce masa ya je ya yanki kati ya bi layi ya jira ranar ganin likitan kunne? Ku ma kun san halin da ake ciki.

Sistar Arkilla:
Ba wanda ya ce maganin ba ya aiki, Malam. Yana danne amai da juyawar, kuma ga wanda jijiyarsa ta kumbura yana amai, kwana biyu zuwa uku rahama ne. Wata biyu fa? Ita Inna tsakuwa ce a bututu, ƙwaya ba ta mayar da tsakuwa. Abin da ta samu shi ne barci da nauyin jiki, ga haɗarin faɗuwa a banɗaki ta karya ƙugu. A tsofaffi idan aka daɗe ana shansa yana iya kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki, a zo ana neman wani sabon ciwo.

Mai Kyamis, Tudun Wada:
Wata biyu kam ya yi yawa, ni ma ba zan ba da haka ba. Amma maganar layi da kuɗi tana nan.

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Tana nan, ban musa ba, kuma laifin ba na masu kyamis kaɗai ba ne. Mu ma a asibiti sau nawa ake rubuta gwajin taifot ga mai jiri ba a ko kwantar da shi an dubi idonsa ba? Gwajin da ba ya cin komai sai gado da minti biyar. Duk likita ko ma'aikacin lafiya a Bodinga ko Gwadabawa ko Illela zai iya koyonsa. Haka awon hawan jini a kwance da tsaye da Sista ta ambata: a kwanta minti biyar a auna, a tashi a sake aunawa cikin minti uku. Idan na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10, an gano bakin zaren, sai a duba maganin hawan jinin da yake sha, da ruwan da yake sha. A Sakkwato, garin da Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin dalili ba ne, musamman ga mai azumi.

Ƙari a kan abin da Sista ta ce: idan kunne ɗaya ya raunana, ƙwaƙwalwa tana koyon dogara da ɗayan da ido da ƙafa. Motsi ke koya mata. Magungunan nan suna jinkirta koyon. Malam, abin da nake roƙonka, ka tambayi mai saye tsawon lokacin da jirin ke ɗauka, kada ka ba da na fiye da kwana uku. Sannan a yi hattara da allurar jantamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta. Tana iya kashe ma'aunin daidaiton kunnuwa biyu gaba ɗaya, kuma sau da yawa ba ya dawowa. Kwinin ma yana sa ƙugi da jiri, amma shi yakan wuce idan an daina.

Ummu Sudais, Gawon Nama:
Ni nawa ya bambanta da duka biyun. Sai kunnena na hagu ya cika kamar an tura auduga, ya kama ƙugi, sannan juyawa ta zo ta yi awa uku ko huɗu ina amai. In kwana lafiya wata guda, ya dawo. Da muka je Alƙahira jinyar maigida na sa aka duba ni. Sun sa ni a wani ɗan ɗaki shiru da abin ji a kunne, in na ji ƙara in danna. Sannan aka ɗaura min wani tabarau mai kyamara a ɗaki mai duhu, aka zuba min ruwan ɗumi a kunne, aka zuba mai sanyi. Wallahi a kunnen dama sai da na riƙe gado, a na hagu kuwa da ƙyar na ji. Suka ce ciwon Meniya ne, in rage gishiri. Ban taɓa fahimtar me ruwan ya gwada ba.

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Hajiya, an yi miki abin da ya dace. Irin naki ne ke buƙatar na'ura. Meniya sunan likitan Faransa ne da ya bayyana ciwon a 1861, lokacin da ake ɗauka duk hajijiya daga ƙwaƙwalwa take. Alamarsa juyawa ta minti 20 zuwa awa 12, da ƙugi, da cikar kunne, da ji mai hawa da sauka. Ɗan ɗakin nan gwajin ji ne, a wannan ciwo ƙananan sautuka masu kauri ne ke fara ɓacewa a kunnen da ya kamu.

Ruwan kuwa, digiri 44 da digiri 30 ne, wato bakwai sama da zafin jiki, bakwai ƙasa. Zafi ko sanyin yana ratsa ƙashi ya motsa ruwan da ke cikin bututun kwance, kunnen ya ɗauka kai na juyawa, ido ya kama rawa, kyamara ta auna ƙarfinta. Amfaninsa shi ne yana gwada kowane kunne shi kaɗai. Na damanki ya amsa da ƙarfi saboda lafiyarsa ƙalau, na hagu ya yi rauni. Wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Barani, shi ya lura cewa masu zuwa wankin kunne suna jin jiri idan ruwan ya yi sanyi ko zafi, ya bi diddigi har aka ba shi kyautar Nobel ta 1914. Wanda dodon kunnensa ya fashe ba a zuba masa ruwa, iska ake hurawa. Kuma ana so a dakatar da irin su Stugeron kwana biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya. Akwai wasu gwaje-gwajen, na matsin dodon kunne, da wanda ake manna waya a wuya a saki ƙara don a gwada 'yan jakunkunan nan, amma ba kowa ke buƙatarsu ba. Masu ciwon kai na ɓari ɗaya ma suna samun hajijiya mai kama da taki, gwajin ji na taimakawa wajen rarrabewa.

Malam Liman:
Allah ya saka wa likitoci. Game da sallar Inna, kada ta takura kanta. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari a sarari yake: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Ta yi nuni da kai gwargwadon iyawarta har Allah ya kawo sauƙi. Hajiya ta Kanwuri, addu'a da karatu a ci gaba da su, ba sa hana a kai ta a duba.

Hajiya ta Kanwuri:
Na ji Malam. Ni dai addu'a ba ni barinta. Ƙahon a dakata har su dawo.

Injiniya Gwiwa:
Na duba YouTube, akwai yadda ake juya kai a mayar da tsakuwar, Efli suke ce masa. Maman Hibba ko ku gwada a gida yau?

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Shi ne maganin, wani likitan Amurka mai wannan suna ya buga shi a 1992. Amma karon farko kada a yi a gida. Ba ku tabbatar da ciwon ba, ba ku san bututun ba, kuma dattijuwa ce, sai an duba wuyanta da bayanta kafin a rataya kanta. Maman Hibba, ku nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda, kuma kada ta cika ciki kafin a duba ta. Ki gaya mata tun a gida cewa za a tayar da hajijiyar da gangan, na ɗan lokaci, likita na riƙe da ita.

Maman Hibba, Mabera:
Salamu alaikum. Ku gahwarce ni, kwana tara ban leƙo ba. Mun samu ganin likitan kunne. Ya daɗe yana tambayarta, ya leƙa kunnuwa, ya kaɗa wani ɗan ƙarhe mai baki biyu ya aza mata ga goshi da bayan kunne, ya sa ta tsaya ido ruhe, ya sa ta bi yatsa da ido. Sannan yac ce ta hau gado. Nan Inna tat tubure, sai da yayana ya lallashe ta. Ɓarin hagu ba ta ji komi ba. Da anka juya ta dama, shiru kaɗan, sai ta ƙwala salati ta damƙe rigar likita. Ya ce in matso in duba. Wallahi da idona na ga ƙwayar idonta na murɗawa tana bugawa, ban taɓa ganin irin haka ba. Kahin in gama tsorata ta tsaya.

Bai tada ta ba. Daga nan ya juya kanta hagu a hankali ya jira, ya mirgina ta bisa kahwaɗar hagu huskarta na kallon ƙasa ya jira, sannan ya zaunar da ita. Ta yi amai kaɗan. Ya bari ta huta ya sake sau ɗaya. Da yas sake gwajin farko, babu komi. Inna ta kwanta tana kallon silin tana jira shi motsa, bai motsa ba, sai ta hwashe da kuka, ni ma haka.

Ya ce a bar Stugeron, ya ce za ta ji kanta wani iri kwana kaɗan, kuma abin na iya dawowa ko bayan watanni, in ya dawo mu komo a sake. An yi mata gwajin ji, ya ragu kaɗan ga kunnuwa biyu, ya ce na shekaru na. Kwana shida ke nan tana kwana bisa gado. Jiya ta yi magariba da sujadarta. Dakta, Sista, Abu Fauzan, Malam, kowa da kowa, Allah shi biya ku.

Ɗan Wurno:
Alhamdu lillahi. Allah shi ƙara lahiya, a gaishe muna da Inna.

Abu Fauzan, Runjin Sambo:
Na karanta wa Baba saƙon nan, ya ce a yi mata barka.

Mai Kyamis, Tudun Wada:
Barka Maman Hibba. Dakta, in kana kusa. Wani dattijo ne daga wajen Achida ɗansa ya kawo shi yanzu neman maganin jiri. Na tambaye shi kamar yadda ka ce. Ya ce ba juyawa ba ce, in yana tafiya ne komai ke tsalle a idonsa, ba ya iya gane fuskar mutum sai ya tsaya cik, da dare kuma ba ya iya takawa sai an riƙe shi. Ashe kwana goma sha biyu ana yi masa allura a gida saboda miki a ƙafa. Ɗan ya nuna min kwalbar, jantamaisin ce, saura huɗu. Ban ba su komai ba, suna zaune a benci.

Dakta, kunne da hanci da maƙogwaro:
Kada a ƙara yi masa ko ɗaya, kuma kada a ba shi Stugeron. Su wuce asibiti yau, ba gobe ba, da kwalaben a hannu. Ka rubuta musu a takarda adadin kwanakin da aka yi ana allurar, ka ce a gwada ƙodarsa da jinsa, a duba mikin a sauya magani. Ka tambayi ɗan ko fitsarin baban ya ragu, ka faɗa min.

Mai Kyamis, Tudun Wada:
Ya ce tun shekaranjiya ya ragu. Na tare musu Keke Napep, sun kama hanya.